Sunayen Kayan Girkinmu: Jawabi a Taron Ƙungiya

Shugaba, iyayena mata, 'yan'uwa mazauna Salka.

Kwanan baya na aiki 'yata ta ɗauko mini maburgi, sai ta tsaya tana kallona. A nan aka haife ta, har Kambarci tana ji, amma ba ta san maburgi ba. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ku duba, kakanninmu ba su raɗa suna a banza ba. Maburgi na burga miya ne, matankaɗi na tankaɗen gari, madambaci na turara dambu, murfi kuwa na rufe tukunya. Da jin sunan ka san aikin.

Wasu kuma baƙi ne kamarmu. Tasa daga Larabawa ta zo, cokali daga Buzaye, bokiti da kofi daga Turawa. Sun zauna har sun zama 'yan gida.

Yau roba da tukunyar dalma sun kori akushi da tukunyar ƙasa. To, zamani ne. Amma in kaya sun tafi, kada sunan ya bi su. Iyaye mata, don Allah ku riƙa kiran komai da sunansa a gaban yara: muciya muciya ce, mara mara ce.