Yaron da Ba Ya Jin Kira: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Ƙungiya, GRA, Katsina



Ina hedimasta na taɓa yi wa wani yaro bulala saboda in an kira shi ba ya amsawa. Muka yi masa shaidar daƙiƙi, muka mayar da shi bencin baya. Ashe ruwa ne ya taru masa a bayan dodon kunne. Har gobe abin yana ci mini rai.

Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa kunne da maƙogwaro. Idan mura ta toshe ta, ruwa kan kwanta a ciki, sai yaro ya riƙa jin magana sama-sama. Galibi yakan tsane da kansa. In ya wuce wata 3, jin yaron kuma ya ragu, likitan kunne, hanci da maƙogwaro kan ɗan tsaga dodon kunnen ya tsotse ruwan, ya sa wani mitsitsin bututu da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, domin iska ta riƙa shiga. Wani likitan Amurka, Beverly Armstrong, shi ya farfaɗo da wannan dabara a 1954. Bututun kan faɗo da kansa, yawanci cikin shekara guda.

To, ku mazauna Abuja da Legas, ku ake bugo wa waya a ce "a turo kuɗin aiki". Kafin ku tura, ku ce a aiko takardar. A littafin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ruwan da bai yi mugunya ba lambarsa H65, mai mugunya kuwa H66. Ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ya bambanta. Ɗanku da ke Amurka zai ga 69436 a takardarsa, wato an sa bututu bayan an sa yaro barci. Mu nan, lambar da ta fi damunmu ita ce ta izini. Mai inshorar NHIA, wadda ta gaji NHIS a 2022, idan ƙaramin asibiti ya tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ko Cibiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, sai ya tabbata an karɓo masa ita tukuna. In ba haka ba, yana iya biya daga aljihunsa.

Iyaye mata, don Allah a daina ɗiga man ja ko ruwan albasa a kunnen da ke zuba.

Shugaba, roƙona ɗaya ne: kwamitin ilimi ya gayyato ma'aikatan lafiya su duba kunnuwan 'yan aji ɗaya a firamarenmu kafin hutun ƙarshen zango. Kuɗin man motarsu, ni zan biya daga fanshona.