Kuɗinku ɗaya, intanet ɗinku ba ɗaya ba: laifin tsawon waya ne

Yau tambaya ce ta zo mana daga wani ɗan'uwa da ke karatu a Alƙahira. Ya ce shi da abokinsa kamfani ɗaya suke biya, kuɗi ɗaya, intanet ɗin gida ta layin tarho. Abokin yana kallon darasi ta bidiyo lafiya lau, shi kuwa ko kiran gida ta WhatsApp sai ya yi ta yankewa. Ya canza modem har sau biyu, yanzu yana shirin ƙara kuɗi ya sayi babban tsari. Ya ce in ba shi shawara.

To ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna.

Mu a Najeriya ba mu saba da wannan matsala ba sosai, domin layukan NITEL ba su shiga gidaje da yawa ba, GSM kuma ya zo a 2001 ya ɗauke hankalin kowa. Amma a Masar, da Ingila, da wasu unguwannin Yamai, mutane sun daɗe suna shiga intanet ta wannan siririyar wayar tagulla da aka ja tun don tarho. Sunan tsarin ADSL.

Ga yadda abin yake. Maganar mutum a tarho ɗan wuri kaɗan take ci a jikin wayar, ba ta wuce kilohaz 4 ba. Sai injiniyoyi suka ga ai akwai fili fetal a sama, suka ɗora intanet a kai. ADSL na farko yana hawa har megahaz 1.1, ADSL2+ kuma ya ninka zuwa 2.2. Shi ya sa ake iya waya ana intanet lokaci guda.

Matsalar ita ce sigina mai tsananin mita ba ta jure tafiya. Kun san idan ana biki a wata unguwa can nesa, ganga kawai kake ji, dum dum. Zabiya tana can tana ta waƙa, amma kalmominta ba sa iso ka. Haka tagulla take yi. Duk mita ɗari da aka ƙara, sai ta cinye wani abu daga siginar sama, wadda kuma ita ke ɗauke da yawancin saurin. Muryar tarho dai tana isa ƙauye lafiya. Intanet ɗin ce ke gajiya a hanya.

Saboda haka ADSL2+ da aka rubuta masa megabit 24 a takarda, wanda ke maƙwabtaka da ofishin tarho ne zai ga abin da ya kusa haka. A kilomita 3 ya faɗo ƙasa da rabi. A wajen kilomita 5 zuwa 5 da rabi, in ka samu megabit ɗaya ko biyu ka gode Allah. VDSL, ƙanensa mai gudu, ya fi shi raki: yana iya kai megabit 100, amma cikin 'yan ɗaruruwan mita kawai. Shi ya sa kamfanoni ke jawo wayar fayiba zuwa akwatin da ke bakin titi, a bar tagulla ta ƙarasa ɗan guntun da ya rage zuwa gida.

Wani abu da mutane ke mantawa, tsawon waya ake lissafawa, ba nisan da ka gani a taswira ba. Kana iya hango akwatin daga tagarka, alhali wayarka ta zagaya layi uku kafin ta shigo. Ga kaurin wayar, ta milimita 0.4 ta fi ta 0.5 saurin gajiya. Ga tsohon haɗi da ya yi tsatsa, ga ruwa da ya shiga.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne kalmar nan “har zuwa” da ake sawa a talla. Har zuwa megabit kaza! Ba ƙarya ba ce, amma ba gaskiyar gidanka ba ce. A Birtaniya sai da hukumar kula da tallace-tallace ta sa baki a 2018, ta ce a riƙa faɗin saurin da aƙalla rabin masu saye ke samu a lokacin cunkoso.

To me za ka yi? Buɗe shafin modem ɗinka, nemi inda aka rubuta Line Attenuation, ka duba lambar saukowa. A ADSL, in ta gaza 20, kana kusa, matsalarka wata ce daban, wataƙila wayar cikin gida ko Wi-Fi. In ta haura 50, nisa ne, kuma babban tsari ba zai ƙara maka komai ba. Kafin ka yanke hukunci, kai modem ɗin soket na farko inda waya ta shigo gidan, cire duk wata doguwar waya da aka ƙara, ka sake dubawa. In ba ta canza ba, tambayi kamfanin ko akwai akwati mafi kusa da za a mayar da layinka, ko fayiba ta iso gininku. In babu, gara ka koma 4G.

Ku kuma sababbin ɗalibai masu neman haya, kafin ku ba da kuɗin ɗaki, ku roƙi maƙwabci ya gwada muku saurin layinsa da daddare.

Ɗan'uwa, ka turo mana lambar da ka gani, mu duba tare. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.