Ajin da Ya Koma Cikin Waya



Yau maganarmu a kan horar da ma'aikata ta intanet ce.

A da, in za a yi kwas, sai a rufe ofis a tafi otal kwana uku. Yanzu ajin ya koma cikin waya. Akwai manhajoji irin su Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan Ostiraliya ya fitar a 2002, kuma kyauta ce. Hukuma ta zuba darussa. Ma'aikaci ya shiga, ya karanta, ya yi jarrabawa, manhajar ta ajiye makinsa.

Ku dubi ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aikin dare. Tana cikin adaidaita, tana bitar darasin auna maganin yara. Wannan ci gaba ne.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Manhaja ta san wanda ya kammala darasi. Ba ta san wanda hannunsa ya faɗa ba.

Don haka, shugabannin ma'aikatu, ku ba ma'aikaci lokaci cikin awannin aiki. Ku ba shi data. Ku ba shi gwanin da zai tsaya a kansa ya ga ya gwada. Gani ya kori ji.

Mu kwana nan. Allah ya sa mu dace.