Rigunan da Aka Ɗinka wa Shekisfiya



Da farko muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama, ko da yake mun san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sanin abin da za mu faɗa. In mun yi tuntuɓe sai a gyara mana, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yawancinmu da ke zaune a nan a sakandare muka fara gamuwa da Wiliyam Shekisfiya, kuma ba gamuwar daɗi ba ce. Littafi guda, bangonsa ya yage, mutum uku suna leƙe a kan benci ɗaya, malami yana ta fama da wani irin Turanci wanda ko Turawan yanzu sai sun haɗa da ƙamus. Muka haddace abin da za mu iya haddacewa saboda jarrabawa, da aka fito daga ɗakin jarrabawa kuwa muka yi sallama da shi. A lokacin babu wanda ya taɓa tambaya a cikinmu: shin wa ya kawo wannan littafi hannunmu, kuma me aka ƙara masa ko aka rage masa a hanya? To, wannan tambaya ce muke so mu bi sawunta a yau. Abin da muke son nunawa shi ne, Shekisfiyan da duniya ta sani ta hannun waɗansu mutane ya iso, watau masu ɗab'i da masu zane da masu tace magana da masu fassara, kuma kowannensu ya ɗinka masa riga daidai da idonsa da bukatarsa.

An haifi Shekisfiya a garin Stratford na ƙasar Ingila a 1564, ya rasu a 1616. Wasanninsa don dandamali ya rubuta su, don a gani a ji. Ya bar duniya bai tara su wuri guda ba, kuma rubutun hannunsa na wasannin ya ɓace, in ban da waɗansu 'yan shafuka da masana ke kyautata zaton nasa ne. Shekara 7 bayan rasuwarsa, watau a 1623, abokan sana'arsa biyu, John Heminges da Henry Condell, waɗanda suka yi wasa tare da shi a ƙungiya ɗaya, suka tattara wasanni 36 aka buga su cikin babban kundi mai shafi wajen 900. Shi ne ake kira Foliyo na Farko, saboda girman takardarsa, wadda ninki ɗaya kawai ake yi mata. Daga cikin wasannin nan 36, guda 18 ba a taɓa buga su ba kafin wannan lokaci. A cikinsu akwai Macbeth da Julius Caesar da The Tempest da Twelfth Night. Da mutanen nan biyu sun yi sanyin jiki, mai yiwuwa da rabin abin da ake yabon Shekisfiya a kansa ya bi shi kabari.

An ƙiyasta cewa kwafi wajen 750 aka buga, ana sayar da mai bango a kan kimanin fam 1. Wajen 235 sun tsira har zuwa yau, 82 daga cikinsu suna laburaren Folger a birnin Washintin na Amurka. A 2020 an yi gwanjon kwafi guda a birnin New York a kan kuɗi kusan dala miliyan 10. Mu riƙe wannan adadi a zuci, za mu komo kansa. A shafin farko na kundin akwai hoton marubucin, mai faɗin goshi, wanda Martin Droeshout ya sassaƙa a kan farantin jan ƙarfe. Fuskar nan da muke gani a bangon littattafan makaranta daga nan ta samo asali.

A 1709 Nicholas Rowe ya fito da bugu mai juzu'i 6, wanda shi ne na farko da aka sa wa kowane wasa hoto. Shi ne kuma ya daidaita rabon wasannin kashi-kashi da fitowa-fitowa, ya jera sunayen 'yan wasa a farkon kowane wasa, ya rubuta tarihin marubucin. Ashe ke nan tsarin da muka ɗauka haka Shekisfiya ya bar shi, da yawa daga cikinsa gyaran wani ne da ya zo kusan shekara 100 a bayansa.

Sai kuma wani attajirin Landan mai cinikin hotuna, John Boydell, wanda ya yi niyyar ɗaukaka masu zanen ƙasarsa da sunan Shekisfiya. Ya biya manyan masu zane na zamanin, irin su Joshua Reynolds da Henry Fuseli da Benjamin West, suka zana fitowa-fitowa daga wasannin. A 1789 ya buɗe zauren nuni da zane 34, daga baya suka kai kusan 170, ya kuma buga wasannin cikin juzu'i 9 masu ƙawa. Amma yaƙin Ingila da Faransa ya toshe masa kasuwar Turai, bashi ya yi masa katutu, har sai da ya nemi izinin majalisa a sayar da zauren ta hanyar cacar tikiti. Ya rasu a ƙarshen 1804, a farkon 1805 aka ja tikitin, daga nan zane-zanen suka watse a gwanjo. Littafin ƙawa kaya ne na kasuwa, in kasuwa ta faɗi da shi take faɗuwa.

A shekara guda, 1807, littattafai biyu suka fito waɗanda suka fi duk na ƙawa tasiri a kan yara 'yan makaranta. Na ɗaya shi ne Tales from Shakespeare na Charles Lamb da yayarsa Mary, inda suka mai da wasanni 20 labarai cikin zube mai sauƙi. Mary ce ta rubuta 14, Charles ya rubuta 6, amma da littafin ya fito sunan Charles kaɗai aka sa. Na biyu shi ne The Family Shakespeare na gidan Bowdler, inda aka bi wasannin aka cire duk maganar da ake ganin ba ta dace uba ya karanta a gaban iyalinsa ba. A nan ma macen gidan, Henrietta, ita ce ta yi yawancin aikin farko, sunan ƙanenta Thomas kuwa shi ya shahara, har Turawa suka ƙera kalmar aikatau daga sunan Bowdler mai nufin tace littafi. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi. Ba mu ce tacewa laifi ce a kowane hali ba, kowace al'umma tana da abin da take jin kunya. Abin da muke cewa shi ne, ya kamata mai karatu ya san cewa an tace, don kada ya yi rantsuwa a kan abin da bai gani duka ba.

Yanzu bari mu ɗan dakata a kan masu zane, don a nan ne abin ya fi ban mamaki. A cikin wasan Hamlet akwai budurwa Ofiliya, wadda hankalinta ya gushe bayan an kashe mahaifinta, ta faɗa rafi ta nutse. Shekisfiya bai nuna mutuwarta a dandamali ba. Sarauniya ce take shigowa ta ba da labari cikin 'yan layuka. Amma tsakanin 1851 da 1852 wani saurayi mai zane, John Everett Millais, ya zana abin da marubucin ya ɓoye. Ya yi watanni a bakin wani rafi a gundumar Surrey yana zana ciyayi da furanni ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya koma Landan ya sa wata yarinya, Elizabeth Siddal, ta kwanta da tufafinta cikin bahon wanka, da fitilu a ƙarƙashi suna ɗumama ruwan. Wata rana fitilun suka mutu, shi bai lura ba, ita kuma ba ta yi magana ba, har sanyi ya kama ta ta kwanta ciwo. Zanen yana gidan nuni na Tate a Landan. Yau in aka ce Ofiliya, abin da ke zuwa zuciyar mutane da yawa shi ne kyakkyawar yarinya tana yawo a bisa ruwa cikin furanni, hannuwa a buɗe. Mai zane ya mai da mutuwa abin sha'awa, kuma idonsa ya rinjayi alƙalamin mai wasan.

Haka Bafaranshe Eugène Delacroix ya yi da shi Hamlet ɗin kansa a hotunan da ya zana a kan dutse, waɗanda aka buga a 1843: ya fito da shi siriri, mai yawan tunani, kamar wanda iska za ta ɗauka. A 1908 Arthur Rackham ya cika A Midsummer Night's Dream da aljanu da itatuwa masu kama da mutane, aka mai da shi littafin kyauta ga 'ya'yan masu hali. A garin Weimar na Jamus kuma, maɗaba'ar Cranach ta Harry Kessler ta buga Hamlet da Jamusanci a 1929, da Turanci a 1930, a kan takardar da aka yi da hannu, da hotunan da Edward Gordon Craig ya sassaƙa a katako. Masana harkar ɗab'i suna lissafa shi cikin littattafai mafi kyau na ƙarni na 20, amma 'yan ɗaruruwa kawai aka buga. Littafi ne da ake kallo fiye da yadda ake karantawa.

To, ina mu 'yan Afirka a cikin wannan labari? Shekisfiya ya shigo mana ne cikin akwatin makarantar mulkin mallaka, wannan ba abin musu ba ne. Amma ba a daɗe ba mutanenmu suka karɓi allura da zare. Sol Plaatje na Afirka ta Kudu ya fassara The Comedy of Errors da harshen Setswana, aka buga a 1930 da sunan Diphosho-phosho. Juliyas Nyerere, yana kan mulkin ƙasarsa, ya fassara Julius Caesar da Suwahili a 1963, ya biyo da The Merchant of Venice a 1969 da sunan Mabepari wa Venisi, watau 'yan jari-hujjar Venis. Sunan kaɗai ya isa ya nuna inda mai fassarar ya karkata. A 1969 ɗin kuma Aimé Césaire na tsibirin Matinik ya sake rubuta The Tempest da Faransanci, ya mai da Kaliban, wanda aka saba zanawa kamar dodo, baƙar fata bawa mai neman 'yancinsa daga wanda ya ƙwace masa ƙasa. A namu harshen, Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night da sunan Daren Sha Biyu. In ba mu manta ba, wannan wasa yana cikin 18 ɗin nan da Heminges da Condell suka ceto. Ke nan zare ɗaya ne ya taso daga wata maɗaba'a ta Landan a 1623 har ya iso kantin littattafan Hausa.

Mun ce za mu komo kan dala miliyan 10. Ga littafin da za mu ɗora a ɗaya gefen ma'auni. A kurkukun tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, zamanin mulkin wariyar launin fata, wani fursunan siyasa mai suna Sonny Venkatrathnam yana da kwafin wasannin Shekisfiya, bugu na kasuwa wanda ba shi da wata ƙawa. Don kada gandirobobi su raba shi da shi, ya liƙa masa katunan bikin Diwali masu hotunan addinin Hindu a bango, aka ɗauka littafin ibada ne. Littafin ya zaga hannun fursunoni, kuma kafin a sake shi ya roƙi abokan zamansa kowa ya zaɓi wurin da ya fi taɓa masa zuciya ya sa hannu. Fiye da mutum 30 suka sa. Nelson Mandela ya zaɓi inda Siza yake magana a kan bambancin matsoraci da jarumi a gaban mutuwa, ya rubuta kwanan wata, 16 ga Disamba 1977. A 2012 an nuna littafin a Gidan Tarihi na Birtaniya. A ganinmu, duk cikin rigunan da aka ɗinka wa Shekisfiya babu wadda ta kai wannan daraja, ko da yake da katin gaisuwa aka yi ta.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu gobe za mu zama malaman makaranta, ko ma'aikatan ma'aikatar ilmi, ko masu zaɓen littattafan da yara za su karanta. Don haka abu biyu muke roƙo. Na farko, duk littafin da ya zo hannunmu mu buɗe shafin farko mu duba wa ya buga, yaushe, wa ya taƙaita, wa ya yi zanen, domin hoton da yaro ya gani a aji ɗaya yakan zauna masa a ka har tsufa. Na biyu kuwa ya fi nauyi. Heminges da Condell ba malaman jami'a ba ne, 'yan wasa ne da suka ƙi yarda aikin abokinsu ya salwanta. Mu nan kowace shekara ƙungiyoyinmu suna shirya wasannin kwaikwayo, a yi tafi, a watse, takardun kuma su ƙare a hannun mai ƙosai. Muna ba shugabannin ƙungiya shawara a kafa ɗan kwamiti da zai tattara wasannin da aka yi, a nemi 'yan'uwanmu na sashen zane su yi musu hotuna da idonmu da tufafinmu, a buga ko da kwafi 100 ne, a kuma rubuta sunan duk wanda ya yi aikin, mace ko namiji, don kada a maimaita abin da aka yi wa Mary Lamb. Da sannan sai a kai ƙarfin kwafi biyu laburare.