Tunawa da Byang Kato, Malami Kuma Uba

 

An ce in yi magana a kan karatun yaranmu. Na ga ya fi kyau in ba ku labarin mutum ɗaya, wanda tsofaffi a cikinmu sun san sunansa, wato Dokta Byang Kato. A watan Disamba na 2025 ya cika shekara 50 da rasuwa. In an ambace shi, yawanci akan yi zancen digirinsa da manyan tarurrukan da ya halarta a ƙasashen waje. Ni yau ina so mu dube shi ta wajen aji da ta wajen gida.

An haife shi a 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Mahaifinsa mai bin addinin gargajiya ne, tun Byang yana jariri ya keɓe shi domin ya gāje shi a hidimar tsafi. Wata 'yar mishan ta SIM mai suna Mary Haas takan shigo unguwarsu tana wa'azi, yara suna taruwa. Nan yaron ya fara marmarin zuwa makaranta. Uban ya ƙi. Sai da aka yi ta roƙonsa kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi: Byang zai yi noma da safe tukuna, in ya gama ya tafi aji.

Kada mu yi saurin zagin wannan tsoho. Manomi ne, yana bukatar hannu a gona, yana kuma tsoron kada makarantar Turawa ta raba shi da magajinsa. Wane ne a cikinmu bai taɓa cewa yaro, "Yau bar makaranta, akwai shuka," ba? Lissafin da ya yi a wancan zamani, shi muke yi har yanzu duk damina.

Yana ɗan shekara 12, malaminsu na aji, wanda ɗan ƙasa ne kamar ni da ku, ya ba su labarin Nuhu da jirgi. Byang ya tashi a gaban 'yan ajinsu ya ba da gaskiya ga Yesu. An yi masa baftisma a 1948. Da labari ya kai gida, ya sha duka, aka hana shi abinci, uban kuma ya janye hannunsa daga kuɗin makaranta. Da a nan karatun ya tsaya. Abin da ya cece shi ƙaramin abu ne: 'yan mishan suka ba shi ɗan aikin yi, yana samun abin biyan makaranta da na littafi da na riga. Daga baya iyayen nasa ma suka tuba suka bi Almasihu.

Malamai, ku riƙe wannan. Mutumin da ya zo ya tsaya a gaban shugabannin ikilisiya na duniya a taron Lozan, ƙasar Suwizalan, a 1974, a ajin firamare na garinsu aka fara kama zuciyarsa, ta bakin malamin da ke riƙe da alli. Na san albashi yakan makara. Na san wasunku suna koyarwa a ɗakin da iska ta kwashe jinka, yara suna zaune a ƙasa. Amma ba ku san wanda ke zaune a layin baya ba.

Da ya gama firamare ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a Jihar Kwara ta yanzu, ya sauke a 1957. A shekarar nan kuma ya yi aure. Aikin da ya fara shi ne koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki, har da ta Kagoro. Ya kuma yi aiki a Legas da mujallar African Challenge, inda ya koyi rubutu domin jama'a.

Ga wurin da nake so mu daɗe kaɗan. Byang bai yi sakandare irin wadda yaranmu ke yi ba. Yana da mata, yana da ƙananan yara uku, mace ɗaya da maza biyu, yana kan albashin ma'aikacin mishan, wanda kowa ya san bai taka kara ya karya ba. Duk da haka ya yi karatu ta hanyar wasiƙa, ana aiko masa da darussa ta gidan waya, yana amsawa yana mayarwa, har ya ci jarrabawar GCE. Da ita ya samu shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan a 1963, ya gama a 1966. Ku yi tunanin abin da yaran gidan nan suke gani: babansu ya dawo daga aiki, ya ci tuwo, ya sake buɗe littafi. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba sai an yi masa doguwar huɗuba a kan amfanin karatu ba. Mu kuwa muna aika yaro ya yi aikin gida na makaranta, mu kanmu muna gindin bishiya muna dara, ko wajen masu burkutu. A gafarce ni, dattawa, amma gaskiya ce.

Da ya dawo gida ya koma Igbaja ya koyar. A 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA, ya zauna a Jos, daidai lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke. Ya riƙe wannan aiki har 1970, sannan ya tafi Dalas a Amurka ƙarin karatu, inda ya kai ga digirin dokta a ilimin tauhidi. A 1973 aka naɗa shi Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai hedkwata a Nairobi. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin.

Ko a can, hankalinsa yana kan makaranta. Damuwarsa ita ce ikilisiya a Afirka tana ta cika da mutane, amma masu koyar da su ba su samu horo mai zurfi ba. Ya yi ta fafutukar a kafa manyan makarantun tauhidi guda biyu, ɗaya domin masu Faransanci, ɗaya domin masu Turanci. Bai ga ko ɗaya da idonsa ba. Ta Bangi, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, an buɗe ta a 1977, ta Nairobi kuma a 1983.

To, ina gida a cikin wannan yawan tafiya? Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna cewa sujadar iyali babban abu ce a wurinsa. Yana tara matarsa da yara su karanta Maganar Allah su yi addu'a. Mutumin da aka doke shi a gidan ubansa saboda bangaskiya, aka hana shi kuɗin makaranta, bai ɗauki wannan ɗacin ya juye wa 'ya'yansa ba. Sau nawa muke jin uba yana cewa, "Ni ma ba wanda ya biya mini, shi ma ya je ya nema"? Byang yana da dalilin faɗin haka fiye da yawancinmu. Bai faɗa ba.

A watan Disamba na 1975 ya ɗauki iyalinsa suka tafi hutu bakin teku kusa da Mombasa, ƙasar Kenya. Ran 19 ga watan ruwa ya ci shi. Shekararsa 39 kacal. Yaransa uku duk ba wanda ya kai shekara 20. Littafinsa, Theological Pitfalls in Africa, a shekarar ya fito. Mu da muke cewa sai yara sun girma, ko sai hannu ya sake, sannan za mu zauna da su, mu lura: shekara 18 da 'yan watanni ne kawai aka ba wannan bawan Allah tsakanin aurensa da mutuwarsa.

Yanzu bari in zo kan namu. Tun 2004 dokar ƙasa ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Amma kun sani, na sani, akwai rigar makaranta, akwai littafin rubutu, akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, akwai na jarrabawa. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe su ne suke zaunar da yaro a gida, musamman maraya da 'ya mace. Sai ka ji an ce zango ɗaya kawai za ta huta, kafin ka ankara an kai ta aikatau birni, ko an karɓi kuɗin aurenta.

Abin da ya mayar da Byang aji bai fi ƙarfin ikilisiyar ƙauye ba. Wani ne ya lura yaro ya daina zuwa, ya tambayi dalili, ya samo masa hanya. Saboda haka ina roƙon kowace ikilisiya da ke nan, kafin a koma makaranta zango mai zuwa, fasto da dattijo ɗaya da uwar Zumunta su zauna da hedimasta, a rubuta sunayen yaran da suka daina zuwa. A bi su gida gida, a ji ta bakin iyayensu cikin ladabi, ba da faɗa ba. Inda matsalar kuɗi ce, a duba ko mudu ɗaya ɗaya na baikon kaka zai rufe ta. Inda matsalar gona ce, matasa su yi wa gidan gayya ran Asabar, yaro ya samu ya je aji ran Litinin. Wanda ya fi ƙarfinku, ku kawo mana sunansa ofis mu duba tare.

 Baba Fasto, sai ka rufe mana da addu'a.