Kayan Ɗakin 'Yar Tsana: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

Uwar taro, shugabar ƙungiyarmu da 'yan kwamitinta, iyayenmu malamai da Allah Ya ja kwanansu har suka zo suka zauna da mu yau, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu Ya kyautata namu zuwan.

Ran da takardar sakatariya ta iso mini cewa ni ce zan yi magana a wannan taro, na ɗauka kuskuren adireshi aka yi. A cikinmu akwai likitoci, akwai alƙalai, akwai waɗanda suka riƙe manyan ofisoshi. Ni kuwa tun da na ajiye alli, abin da na sa gaba shi ne ɗinka wa 'yan tsana gado da kujera. Na faɗa mata haka, ta ce ai shi ɗin ake so a ji. To, ga ni. Waɗanda muka ci gabza tare sun san ba ni da tsawon magana sai an taɓo ɗinki, saboda haka in na zarce a buga mini ƙararrawa.

Dukkanmu nan mun yi wasan 'yar tsana. Mun fere kara mun haɗa gado, mun jera kwalin ashana ya zama durowa, marfin kwalba ya zama tasa, gwangwanin tumatir ya zama tukunya. Har biki muke yi wa 'yar tsana, a kai ta ɗaki, a yi mata jere, a yi ta gardama a kan wadda za ta zama uwar amarya. Ba mu san muna koyon komai ba, alhali a nan muka fara sanin shara da shimfiɗa da ajiye kowane abu a mazauninsa. Kuma wasa ne mai asali, domin ya zo a ingantaccen hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasan 'yan tsana da ƙawayenta.

Abin da ya dawo da ni kan wannan wasa da furfura a kaina, wani tsautsayi ne da Allah Ya taƙaita. 'Yata tana zaune a gidan haya, ciki da falo, da yara biyu. Na saya wa babbar jikata kayan ɗakin 'yar tsana na roba a kasuwa, masu ƙyalli, gwanin sha'awa. Ba su yi mako ba ƙafar kujera ta karye. Ƙanenta mai rarrafe ya tsinci guntun ya kai baki. Allah Ya sa uwar tana kusa, ta ga yana kakari ta cire masa. A ranar ta tattara kayan gaba ɗaya ta zuba a shara. Da na je na tarar da yarinya ta yi kuka har ta gaji, uwar kuma ta ce mini, "Mama, ko ba su karye ba, ina zan ajiye su? Kullum dare sai wani ya taka." Ban ga laifinta ba. Laifin nawa ne da na sayo abin da bai dace da ɗakin ba.

Na koma gida na buɗe kan kekena, na gindaya wa kaina sharuɗɗa huɗu. Kayan su zama masu taushi, wanda ya taka cikin duhu kada ya ji ciwo. Su naɗe su shiga jaka guda. Su wanku. Sannan kada a sami wani abu a jikinsu da zai cire ya shiga bakin yaro.

Farkon aikin awo ne, kamar yadda Malamarmu ta ɗinki take nanata mana: a auna sau biyu kafin almakashi ya taɓa yadi. 'Yar tsanar da ta fi yawa a hannun yara yanzu ita ce mai siffar Barbie, wadda kamfanin Mattel na Amurka ya fito da ita a 1959. Tsawonta inci 11 da rabi ne, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum. Ko 'yan tsanar Queens of Africa da Taofick Okoya ya fara yi a Legas a 2007, masu baƙar fata da tufafin gida, kusan girmansu ke nan. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne: ki auna abin da ke ɗakinki, ki raba shi gida shida. Gado mai tsawon ƙafa 6 inci 72 ne, nata zai zama inci 12, ni kuma nakan ƙara inci 1 saboda matashi. Mazaunin kujera mai tashin inci 18 daga ƙasa zai koma inci 3. Tebur mai inci 30 zai koma inci 5. Akwai wani ma'aunin da Turawa suka fi yin gidajen 'yan tsana da shi, inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, wanda da shi aka gina sanannen gidan 'yar tsanar Sarauniya Mary na Ingila da aka kammala a 1924. Wannan ya yi ƙanƙanta ga aikin yadi da soso, kuma ya yi ƙanƙanta ga hannun ƙaramin yaro. Ban ba ku shawararsa ba.

Kujerar da na fara yi dunƙulen soso ce na lulluɓe da atamfa. Ta yi taushi, amma ba ta naɗewa, in an haɗa ta da gado da tebur sai su cika ƙaramar Ghana-mas-go. Dabarar da ta fisshe ni a jikin kwalin sabulu na gan ta. Ku lura, kwali in an buɗe samansa da ƙasansa, da an tura shi gefe sai ya kwanta ya zama falle. Abin da ke tsayar da shi marfinsa ne. Sai na yanka dogon ƙyalle ninki biyu, na raba shi gida huɗu da layin ɗinki, na zura soso mai kaurin rabin inci a kowane gida, na haɗa bakin farko da na ƙarshe ya zama zobe mai kusurwa huɗu. Na yi falle na biyar ya zama marfi, na ɗinke gefensa ɗaya a jiki, sauran gefen na sa masa abin mannewa. In an rufe marfi, akwati ya tsaya da ƙafarsa. In an ɓalle shi, ya kwanta. Duk kayan ɗakin daga wannan akwati suka fito. A gajarta shi ya zama kujerar tsugunno. A tsawaita fallen baya zuwa inci 6 ya zama kujera mai majingina. A faɗaɗa shi ya zama gado, a ɗora katifa. A tsayar da shi a mayar da marfin gaba ya zama kabad. Cikinsa kuma fanko ne, nan yarinya take zuba tufafin 'yar tsanarta lokacin wasa.

Abin mannewar nan shi ne Velcro, irin na takalman yara. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙago shi bayan ya lura a 1941 da yadda 'ya'yan wata ciyawa ke maƙale wa gashin karensa. Da a nan yake, da ƙarangiya ce za ta koya masa. Na zaɓe shi ne don ba ya cirewa kamar maɓalli, kuma yarinya 'yar shekara huɗu tana iya ɓallewa ta manna da kanta.

Bari in faɗa muku kurakuraina don kada ku maimaita. Na farko, na matse layin da ke tsakanin fallayen, sai suka ƙi lanƙwasuwa. Dole a bar fili tsakaninsu daidai da kaurin soson, sannan a bar rarar rabin inci ta ɗinki a kowane gefe. Na biyu, majingina da saman tebur suna son abin da zai ƙarfafa su, sai na zura kwali a ciki. Wankin farko kwalin ya jiƙe ya zama kunu. Yanzu tsohuwar jarkar man gyaɗa nake wankewa in yanka falle, in zagaye kusurwoyin da almakashi, in goge bakin a jikin siminti, in ɗinke shi a tsakanin soso. Jarkar da ta taɓa ɗaukar kananzir ko maganin ƙwari kada ta kusanci wannan aiki. Na uku, na manta cewa zanen atamfa ba ya raguwa gida shida. Fure guda ya cinye kujera ɗungum. Sai yadi mai ƙananan zane ko marar zane, kuma marar kauri, domin mai kauri ba ya kwanciya a kan ƙaramin abu. Na huɗu, ban wanke yadin kafin in yanka ba, ya tsuke, ja kuma ya zuba a kan fari. A jiƙa shi tukuna a ga halinsa.

Matashin kai da tumtum na fara cusa su da audugar rimi kamar yadda iyayenmu ke yi. Tana da taushi da rashin nauyi, amma tana saurin kama wuta, ga shi gidajenmu ba a rasa kyandir ko garwashin turare. Na koma kan guntayen soso da nake samu wajen masu yin kushin.

Jakar ita ma cikin wasan take. In an buɗe ta, gindinta mai inci 24 ta kowane gefe shi ne daɓen ɗaki, ɓangarori biyu su tashi su zama bango, har da taga da labule. In an gama, a kwantar da kayan, a naɗe, a rataye a ƙusa bayan ƙofa inda ɓera da lema ba za su kai ba. Jikata ta san doka: kafin kiran magariba ɗakin 'yar tsana ya hau ƙusa. Uwarta ta ce wannan doka ta fi kayan amfani.

Maganar lafiyar yaro kuwa ba abin wasa ba ce. A Amurka akwai ma'aunin da hukuma ke gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara 3 da shi, wani ɗan bututu mai faɗin inci 1 da kwata. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya zai iya shaƙe yaro. A gida, kwalin tsakiyar tishu ya isa gwaji. Ban sa duwatsun ado, ban sa maɓalli, ban barin dogon zare ko igiya. Adon duk da zare nake yin sa. Kafin abu ya bar hannuna sai na ja kowane ɗinki da ƙarfina, domin yaro zai ja fiye da haka.

Ban yi niyyar sana'a ba. Maƙwabta suka gani suka ce a yi wa nasu, daga nan masu neman abin kai wa yara da salla suka fara sallama. Jarin bai taka kara ya karya ba, tun da ƙyallaye ne da teloli ke sharewa su ƙone. Yanzu akwai mata biyu da mazajensu suka rasu da muke aikin tare, kowace a ɗakinta, kuma kuɗin littafin 'ya'yansu yana fitowa daga ciki. Abin da nake gaya musu kullum shi ne su sa kuɗin lokacinsu a lissafi. Mu mata mukan ƙirga yadi da zare mu manta da yinin da muka yi a kan keke.

A nan nake da roƙo. Mu da muka shiga makarantar nan kafin tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, ba wadda ta fita ba ta iya riƙe allura ba. Da safen nan na leƙa tsohon ɗakin ɗinkinmu, na ga kekunan a jingine, ƙura ta rufe su. Na duba guda uku, ba abin da suke nema sai mai da bel da allura. Ina roƙon ƙungiya ta ɗauki gyaransu a cikin ayyukanta. Ni kuma na yi alkawarin zuwa Asabar ɗaya a kowane wata in zauna da ƙannenmu, in shugabar makaranta ta amince. Kujerar 'yar tsana ƙaramin abu ce, amma yarinyar da ta gama guda ta yi awo, ta yi rabawa, ta yi ɗinki miƙaƙƙe, ta ga aikinta ya tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamarmu ta ɗinki tana nan zaune a layin gaba. Malama, sau uku kika sa na farke aljihun rigar girkina a aji biyu, na yi ta ƙunƙuni a ɗakin kwana. Yau ga shi da wannan farkewar nake ci. Allah Ya saka miki da alheri, ke da sauran malamanmu baki ɗaya.

Na zo da jaka biyu da takardun awo, suna kan tebur a bakin ƙofa. Wadda take so ta buɗe ta duba, ta kwafi awon, ba sai ta tambaye ni ba. Abin da na yi kuskure a yafe mini. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, Ya sake tara mu da alheri.