Aiki ya tafi, ciwo bai tafi ba

 

A 2021 wani yayana da ke aiki a Greensboro ta ƙasar Amurka, garin da ƴan Nijar suke da yawa, ya kira ni hankalinsa a tashe. An rage ma'aikata, har da shi. Yana da ciwon suga, kuma kuɗin magani ya fi damun sa a kan albashin da ya rasa. A can, yawancin ma'aikata ta wurin aiki suke samun inshorar lafiya, wadda muke ce ma asirans. In aiki ya tafi, ita ma sai ta bi shi.

To akwai wata doka da ake kira COBRA, wadda shugaba Reagan ya sa wa hannu a 1986. Ta ce in kamfani yana da ma'aikata 20 ko fiye, wanda ya rasa aikinsa yana iya ci gaba da inshorarsa har wata 18, shi da iyalinsa. Ana ba shi kwana 60 ya yanke shawara. Wanda aka kora saboda babban laifi ne kawai ba ya ciki.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Da, kamfani ne ke biyan kaso mafi tsoka. Yanzu kai za ka biya duka, har a ɗora maka kashi 2 cikin ɗari na ɗawainiya. Mutumin da ba shi da albashi, ina zai samo? Haƙƙi ne a takarda, aljihu kuma wayam.

Shi ya sa sau biyu gwamnatinsu ta sa hannu. A 2009, lokacin Obama, da tattalin arziki ya durƙushe, ta ɗauki kashi 65 cikin ɗari na kuɗin. A 2021, lokacin korona, ta ɗauki duka, daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba.

Wa ya cancanci tallafin? Ku saurara da kyau. Sai wanda aka sallama ba da son ransa ba. A 2021 an haɗa da wanda aka rage wa awoyin aiki har ya rasa inshorar. Wanda ya ajiye aiki don kansa bai samu ba. Wanda zai iya shiga inshorar wurin aikin matarsa, ko Medicare ta tsofaffi, shi ma babu shi.

Yayana bai ajiye aiki ba, sallamar sa aka yi, kuma takarda ta nuna haka. Wannan takardar ce ta sa bai yanke shan magani ba har ya samu wani aiki.

Mu dawo gida. A nan Nijar, CNSS tana kula da fansho, da haɗarin wurin aiki, da tallafin iyali. Zazzaɓin da zai kwantar da kai ba ya cikin lissafinta. Kaɗan daga cikinmu da ke da asirans ta wurin patiron, ranar da kontira ta ƙare, ranar katin ya mutu. Daga nan sai karo-karo a gurup ɗin dangi.

Ban ce tsarin Amurka abin koyi ba ne. Tsarin da ya ɗaure lafiyar mutum a ƙafar aikinsa, gyara yake buƙata. Amma mu ɗauki abu biyu.

Na farko, in patiron ya ce ka rubuta takardar ajiye aiki da hannunka “don a rabu lafiya”, kada ka yi gaggawa. Kora daban, murabus daban, haƙƙoƙinsu ma daban. Je ka ga insifektan aiki tukuna.

Na biyu, duk ranar da hukumomi suka kira mu zancen inshorar lafiya ga kowa, mu tambaye su: wanda ya rasa aiki jiya, wa zai biya masa magani yau, kuma har wata nawa? In ba a rubuta amsar cikin doka ba, mu ci gaba da tambaya.

 Yanzu mu ji naku tambayoyin.